Na je jaje Maiduguri bayan ambaliya

Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana aure a Gwange, ɗaya daga cikin unguwannin da ruwa ya shanye lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024. Jajen waya bai gamsar da ni ba, don haka da hunturu ya shigo na kama hanya. Mun bar Unguwa Uku a Kano bayan sallar asuba, direba yana ta gaggawa, domin duk mai bin wannan hanya ya san ba a so magariba ta riski mutum tsakanin Damaturu da Maiduguri.

Wudil da Azare mun wuce su ina gyangyaɗi. A Potiskum muka ci abinci kusa da tirelolin shanu, kasuwar da aka kai wa hari a 2012 tana nan tana ci kamar kullum. Daga Damaturu ne hira ta ragu a cikin mota. Shinge bayan shinge, a sauke gilashi, a duba fuskoki, a wuce. Mun ratsa Benisheikh, inda aka tare hanya aka kashe matafiya sama da ɗari a Satumbar 2013, sannan Auno, inda aka ƙone motocin mutanen da dare ya yi musu a bakin hanya a Fabrairun 2020. Mu Hausawa mukan ce wuya ba ta kisa. A wannan titin ta yi kisa, kuma ba na jin daɗin jin wanda bai taɓa rasa kowa ba yana faɗar karin maganar da sauƙin baki. Amma a Aunon nan na ga yara suna tallar gyaɗa da ruwan leda, ga mai faci ya kafa injinsa a gefen wani bango da har yanzu akwai baƙin hayaƙi a jikinsa.

A gidan Inna, shatin ruwa yana nan a bango, ya wuce kafaɗata. Katifu sun tafi, buhunan hatsi sun ruɓe, ɗakin ƙofar gida ya zube. Na zo da shirin rarrashi, sai na tarar ita ce ke tambayata lafiyar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Da na matsa mata da tambayar yadda suka fita, sai ta aika a kira maƙwabciyarta, ta ce wannan ce ta fitar da su.

Matar 'yar Bama ce. Ta shigo Maiduguri da ƙafa a 2014 lokacin da garinsu ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, ta yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira kafin ta kama hayar ɗaki. A daren da ruwa ya taso, mutane suna ta kai-kawo da tukwane da akwatuna, ita kuwa ta bi gida gida tana cewa a ɗaure takardu da waya da magani a leda, a goya yara, a riƙe hannun tsofaffi, kada wanda ya koma ɗauko kaya. Ta taɓa ganin abin da komawa ke jawowa. Inna ta ce muryarta ko rawa ba ta yi ba. Bayan ruwa ya janye, ita ce kuma ta tara matan layin suka sake ɗaura adashi, kwasar farko aka ba wadda rufinta ya faɗi.

Na zauna ina kallonta tana ɗinkin hula. Farin yadi ne da zanen biro a kansa, ta ɗora shi a gwiwa, allura tana shiga tana fita, zare shuɗi yana cike gidajen zanen kaɗan kaɗan, idonta kuma yana kanmu ana hira. A Bama aikin rage zaman banza ne a wurinta, a sansani ya zama abin da ta ciyar da 'ya'yanta da shi.

Da na zaga gari na fahimci ba ita kaɗai ba ce. An hana acaɓa a 2011, matasa suka koma Keke Napep. An katse layukan waya a 2013, a shekarar ce kuma samari suka ɗauki gora suka tsare unguwanninsu. An farfasa turakun wutar lantarki a farkon 2021, gari ya daɗe a duhu, masu walda da masu niƙa suka ci gaba da janareta da sola. Kasuwar Monday ta ƙone a Fabrairun 2023, sai kuma ga ruwan ambaliyar nan ya shiga cikinta. Na shiga na sayi turaren wuta, mai shagon yana auna mini yana lissafin bashin da ya rage masa ba tare da ƙorafi ba. Ba na yi wa kowa fatan irin wannan makaranta, amma na ga abin da ta koyar: sanin abin da za a fara yi idan komai ya rikice.

Ranar da zan dawo na miƙa wa matar ɗan abin da ke hannuna. Ta ce, "A'a ɗana, in dai taimako ne, ka nemo mini masu saye a Kano." Muka yi ciniki a kan huluna, na ba da rabin kuɗi, sauran sai direba ya kawo kaya Unguwa Uku.