Daga Toronto zuwa Montreal: na je ganin yaran Canadiens da idona

Duk wanda yake zaune a Toronto yana goyon bayan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Montreal Canadiens ya san abin da ake cewa zama da haƙuri, domin garin nan na Maple Leafs ne tun daga direban bas har mai sayar da kofi, kuma gabar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu ta girmi kakannin da yawa daga cikinmu. Ni dai abokina ɗan Zinder da ke zaune a Montreal shi ya jefa ni cikin harkar hokin ƙanƙara, shi Faransanci ya kai shi can ni Ingilishi ya ajiye ni nan, to da aka shigo watan Afrilun 2025 bayan ƙaramar sallah sai ya kira ni yace mutumina in ba ka zo yanzu ba kada ka sake ce min kai ɗan Habs ne, wato laƙabin Canadiens, yaron Rasha Ivan Demidov ya iso, ranar Litinin 14 ga wata zai buga wasansa na farko da Chicago, kuma in muka ci wasan nan mun shiga zagayen fitar da gwani.

Jirgin ƙasa na hau daga tashar Union da safe. Tafiyar wajen awa biyar ce, a farko tafkin Ontario yana hannun dama kamar ba shi da ƙarshe, a wuce Oshawa, a wuce Belleville, a tsaya Kingston, bishiyoyi duk tsirara ba ganye domin sanyi bai gama sakin ƙasar ba. Daga Cornwall zuwa gaba kaɗan sai ka ga allunan hanya sun koma Faransanci, ka shiga lardin Kebek kenan. A taragonmu na ga mutane da jar rigar nan mai ratsin shuɗi da fari, wani dattijo da jikansa suna kujerar gefe, dattijon ya sa lamba 10 ta marigayi Guy Lafleur yaron kuma 48 ta Lane Hutson, duk tsawon hanya gardama suke yi kan wa ya kamata koci ya haɗa da wa.

Ga wanda bai san tsarin ba, a gasar NHL ƙungiyoyi 32 ne, kowacce wasa 82 ta buga a kakar 2024-25, kuma ba a faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni. A 2022 da Kano Pillars suka kasa kataɓus ai sauka suka yi, a shekarar nan ɗin dai Montreal suka ƙare a ƙarshen teburi gaba ɗaya da maki 55, su kuma ladan da suka samu shi ne damar fara zaɓar matashin da suke so cikin duk yaran da suka shigo kasuwa a shekarar. Sannan akwai iyakar kuɗin albashi da ba wanda ya isa ya ƙetare, dala miliyan 88 a kakar 2024-25, don haka ba maganar wani attajiri ya zo ya sayi taurari a dare ɗaya. In ƙungiyarka ta tsufa hanya ɗaya ce, ka sayar da manyan ka karɓi yara da damar zaɓe, ka zauna ka sha kashi shekara biyu uku ko biyar kana jiran su girma. Wasu sukan fita daga ramin, wasu kuwa sai dai addu'a, Buffalo a lokacin tafiyar tawa tun 2011 rabonsu da zagayen fitar da gwani kuma kullum cewa ake ana gini.

Abin da ya sa na Montreal ya yi ciwo shi ne a 2021 har wasan ƙarshe na kofin Stanley, babban kofin NHL, suka kai, Tampa Bay ta doke su, shekara na zagayowa kuma sai ga su a ƙasan kowa. Kyaftin Shea Weber bai sake bugawa ba, gwiwar gola Carey Price ta ƙi, aka sallami manaja Marc Bergevin, aka kawo Jeff Gorton da Kent Hughes, shi Hughes ɗin ma da can dillalin 'yan wasa ne. Koci kuma suka ɗauko Martin St. Louis wanda ƙananan yara kawai ya taɓa koyarwa, mutane suka yi ta dariya. Amma mutumin gajere ne da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin yana matashi, ya kutsa da kansa har ya ɗauki kofi da Tampa a 2004, kuma ɗan Laval ne, garin da ke maƙwabtaka da Montreal, yana jin Faransanci, wanda a garin nan sharaɗi ne ko ba a rubuta ba.

Abokina ya tarbe ni a Gare Centrale, da yake Badamagare ne ni Bakano tun kafin mu gama gaisawa ya fara tsokana wai na zo ci musu abinci. Ya kai ni unguwar 'yan Aljeriya da Maroko a titin Jean-Talon muka ci nama mai rai da lafiya muka yi sallah, sannan muka biyo jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka Lucien-L'Allier, daga nan kana fitowa ga Bell Centre, filin wasan Canadiens. A waje akwai mutum-mutumin manyan ƙungiyar huɗu, Howie Morenz, Maurice Richard, Jean Béliveau da Lafleur, jama'a sai hoto suke ɗauka. Shi Richard ɗin nan shi ne wanda aka dakatar a 1955 garin ya rikice da tarzoma, daga nan za ka gane hoki a wajen mutanen nan ya wuce wasa. Tikiti kuwa tun da labarin zuwan yaron ya fita masu sayar da na hannu suka cika masa kuɗi, can sama muka samu, inda in ka leƙa ƙasa sai ka ji jiri.

Amma saman yana da amfaninsa, tutocin kofunan nan 24 kusan a saitin idonka suke rataye, na ƙarshensu 1993. Filin yana ɗaukar mutum wajen dubu 21 kuma tun lokacin motsa jiki ya kusa cika. Akwai wata al'ada da suke yi wa sabon ɗan wasa, sai sauran su maƙale a baya su bar shi ya fito shi kaɗai ya zaga ƙanƙarar, to da Ivan Demidov ya fito da lamba 93 a bayansa wallahi ƙarar da ta tashi sai da na ji ta a ƙirjina. Yaro ɗan shekara 19 da aka zaɓa na biyar a 2024, kwana kaɗan da barin SKA ta Saint Petersburg, bai taɓa ko faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ba tukuna ana kiran sunansa.

Talabijin yana cutar wasan nan. A fili ne za ka ji ƙarar ƙarfen takalminsu yana yankar ƙanƙara, ka ji bugun jiki da katangar gefe har gilashin ya girgiza, ka ga yadda ake canja 'yan wasa ana tsaka da gudu, mutum bai cika minti ɗaya ba ya tsallaka katanga ya zauna yana haki wani ya faɗa. Ba a yi nisa da farawa ba Demidov ya kwaso faifan ta gefen hagu, ya shige can ciki kusa da raga, ya yi wani irin birki da ya bar mai tsaronsa yana zamewa, ya miƙa wa Alex Newhook a gaban raga, sai ciki. Kafin a tafi hutun farko kuma wani bugu ya daki katangar baya ya dawo gabansa, maimakon ya yi gaggawa sai ya tsaya ya yaudari golan Chicago har ya kwanta sannan ya zura. Biyu ba ko ɗaya. Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana ihu da Faransanci, abokina hularsa ta faɗa layin gaba, filin duka ya ɗauki ole ole ole.

Daga nan ne kuma na ga ainihin ƙungiyar. Suka saki jiki, suka riƙa zubar da faifai a gidansu, Chicago da ba abin da suke nema a kakar suka farke har suka wuce gaba uku da biyu, filin ya yi tsit sai gunaguni. Juraj Slafkovský ne ya rama ana dab da tashi, aka yi ƙarin minti biyar na uku-uku ba ci, aka tafi bugun daga kai sai gola, Frank Nazar ya ci wa Chicago. Maki ɗaya muka tsira da shi. Da muke saukowa daga matakala abokina yace "mutumina ka ga halinsu ko, yara ne, minti ashirin su burge ka minti arba'in su sa maka hawan jini." Sai daren Laraba, lokacin na riga na koma Toronto, suka doke Carolina huɗu da biyu a wasan ƙarshe suka shige da maki 91, Columbus na biye da su da 89.

In ka duba kakar gaba ɗaya hakan ta kasance. Farkonta ba daɗin gani, a Disamba Pittsburgh ta zo har gida ta zuba musu tara da biyu. A watan ne kuma Patrik Laine ya warke daga ciwon gwiwa ya fara jefawa duk lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya, aka karɓo Alexandre Carrier daga Nashville baya ta ɗan natsu, wani sabon gola Jakub Dobeš ya buga wasansa na farko da Florida masu riƙe da kofi bai bari an ci shi ko ɗaya ba. Kyaftin Nick Suzuki ya ƙare da maki 89, Cole Caufield ya ci 37, shi ne ya koma sa lamba 13 don tunawa da Johnny Gaudreau na Columbus da mota ta kashe shi da ƙaninsa a Agustan 2024. Hutson kuwa shi ne abin mamakin, ɗan baya ne ƙarami da aka bari har zaɓe na 62 a 2022 saboda ƙanƙantar jiki, har takardar likita ya riƙa nunawa wai ƙashinsa bai gama girma ba, sai ga shi ya bayar an ci sau 60, ya kamo tarihin Larry Murphy na sabon ɗan baya, aka ba shi kyautar Calder ta gwarzon sabon ɗan wasa. Makin ƙungiyar daga 55 zuwa 68 zuwa 76 zuwa 91, duk shekara ana hawa.

Chicago da muka kalla a daren su ne ɗaya fuskar abin. Suna da Connor Bedard da aka zaɓa na farko a 2023, yaron da ake ta zuzutawa tun yana ƙarami, amma sun rushe komai har ƙasa ba su bar masa kowa a gefe ba, maki 61 suka ƙare da shi. Ni a ganina nan ne Montreal suka fi su dabara, ba su kori kowa da kowa ba, sun riƙe irin su Brendan Gallagher da Josh Anderson da Mike Matheson, manyan da yaro zai kalla ya ga yadda ake zuwa aiki ko ana shan kashi. Kuma sun ɗaure Suzuki da Caufield da Slafkovský da dogayen kwantiragi kowannensu ƙasa da dala miliyan 8 a shekara, ga iyakar albashi ta hau zuwa miliyan 95.5 a kakar 2025-26, wannan kuɗin da ya rage shi ne zai sayo abin da babu.

Sai dai ban yarda da masu cewa an gama gini ba, kuma na faɗa wa abokina haka washegari muna tafe a titin Sainte-Catherine zuwa Forum, tsohon filin ƙungiyar, inda aka ɗauki yawancin kofunan nan, yanzu sinima ce da shaguna. Ƙungiyar da ta shiga zagayen fitar da gwani amma ƙwallayen da aka zura mata sun fi waɗanda ta zura, akwai sa'a a cikin lamarinta. Washington da suka haɗu da ita a zagayen daga baya ta nuna hakan ƙarara, wasa biyar ta gama da su, kyaftin ɗinta Ovechkin ya ci na farko a ƙarin lokaci, Montreal suka samu ɗaya kacal a gida shida da uku, daren da Anderson da Tom Wilson na Washington suka yi dambe har cikin bencin 'yan wasa. Washington sun fi su jiki, suka riƙa matse ƙananan namu da katanga, duk gwanintar Hutson da Caufield in an zo wasannin Afrilu da Mayu alƙalai sukan haɗiye usur sai mai ƙashi ya fi morewa.

Babban ramin a kakar shi ne ɗan tsakiya na biyu bayan Suzuki. An sa rai da Kirby Dach da aka karɓo daga Chicago, gwiwa ta hana shi sakat, tiyata a 2023 wata kuma a farkon 2025. Demidov in ba a samo masa wanda zai riƙa karɓar faifai yana mayar masa ba rabin baiwarsa ce za mu gani. A baya kam an yi ƙoƙari, ƙarshen Yunin 2025 Hughes ya ba New York Islanders zaɓen zagayen farko guda biyu da Emil Heineman ya karɓo Noah Dobson, ya sa masa hannu shekara takwas kan miliyan 9.5 duk shekara, sannan ya musanya Logan Mailloux da Zachary Bolduc na St. Louis. Manajan da ya shekara uku yana tara damar zaɓe ya fara kashe ta kenan, ma'ana shi ma ya daina lissafin faɗuwa. A lokacin ga David Reinbacher yana tafe daga ƙaramar ƙungiyarsu ta Laval in gwiwarsa ta bar shi, ga gola Jacob Fowler a bayan Sam Montembeault da Dobeš.

Abokina dai yace kofi kafin 2030, har da cewa in rubuta in ajiye. Ni nace masa rukuninsu fa akwai Florida mai riƙe da kofi, ga Tampa, ga Toronto, ga Ottawa su ma sun farka, komawa zagayen fitar da gwani ma kaɗai aiki ne, kuma ba mamaki su ƙara kyau amma makinsu ya tsaya inda yake. Ya raka ni tasha yana cewa zaman Toronto ne ya ɓata ni, mutanen da rabonsu da kofi tun 1967 ba abin da za su koya min sai tsoro. Na hau jirgin yamma da rigar lamba 93 a cikin jaka, don ban ga dalilin da zai sa in sauka Union da ita a jikina ba.