Ranar da farfela ta ƙaryata ni

Talata, Jos.

Sanyin yau ba a magana. Ƙarfe bakwai na fito daga Unguwar Rogo, hazo ya rufe duwatsu, mai Keke Napep ya naɗe fuska sai idanu. A jakata akwai wata 'yar na'ura da na aro: kamar ƙwan fitila da aka zuƙe iskar cikinsa, a ciki farfela mai fukafukai huɗu, kowanne gefe ɗaya baƙi, ɗayan mai sheƙi. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, William Crookes, ne ya ƙirƙiro ta a 1873.

A allo na yi wa ɗalibai bayani cewa haske ba shi da nauyi, amma yana tunkuɗa duk abin da ya faɗa a kai. Baƙin abu yakan shanye shi, ya sha turi sau ɗaya. Madubi kuwa mayar da shi yake, don haka nasa turin ninki biyu ne. Masanin kimiyya Maxwell ya gano haka da lissafi, wani masanin, Lebedev, ya auna shi a Mosko wajen 1900.

Da hantsi ya dubi ludayi muka fita waje, na aza na'urar a kan benci. Nan take farfela ta kama juyi. Na ce, "Kun gani? Haske ke tura ta."

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tsuguna, ta zuba mata ido, ta ce, "Malam, ai cewa ka yi mai sheƙin ya fi shan turi. To ga shi baƙin ne ke ja da baya."

Ni ma na tsuguna. Wallahi gaskiyarta. Da sanyin nan sai da gumi ya karyo mini.

A ofis na sake bincikawa. Ashe da sauran 'yar iska a cikin gilashin. Baƙin gefen ya fi ɗaukar zafi, iskar ce ke ingiza shi. Shi kansa Crookes da farko haske ya ɗora wa, abin da ya ɗan sanyaya mini rai ke nan. Turin haske na gaskiya ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Na buga lissafi a bayan takardar jarrabawa: ranar tsaka da ke dukan filin ƙwallo guda, duk danniyarta ba ta kai nauyin dunƙulen magi ɗaya ba.

Sai a sararin samaniya, inda babu iska, turin hasken yake nuna kansa. Shi ke kaɗa ƙurar tauraruwa mai wutsiya ta ba rana baya, abin da masanin taurari Kepler ya yi hasashe tun 1619. A 2010 Japan ta harba kumbon IKAROS da shimfiɗeɗɗen mayafi mai sheƙi, mita 14 kowane gefe, rana na tura shi a kan hanya, ya kuma gifta ta kusa da Zara, matar wata.

Kafin a tashi na koma ajin na gyara maganata a gaban kowa. Yarinyar ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifi.

Da dare na ba uwargida labarin magi. Ta ce tunda na tuna, nata ya ƙare, gobe in biya ta kasuwar Terminus.