Kwana biyar a kan keke daga Blois zuwa Saumur

Mu goma sha biyu muka sauka daga jirgin ƙasa a Blois a tsakiyar watan Satumba, daidai lokacin da ake fara tsinkar inabi a kwarin Kogin Loire na Faransa. Hanyar da ta kawo mu sunanta La Loire à Vélo, hanyar keke mai tsawon kimanin kilomita 900 daga kusa da Nevers har bakin Tekun Atlantika. Tsakiyarta muka yanka, Blois zuwa Saumur, kullum kilomita 40 zuwa 60. Masu ba da hayar kekunan ne ke kwasar akwatunanmu a mota daga masauki zuwa masauki, sharaɗin kawai kaya su sauko kafin tara na safe.

Awa guda cur muka yi ranar farko wajen daidaita sirdi, kuma duk ayarin da ya tsallake wannan zai biya a gaba. Ga yadda ake yi: ka hau, ka ɗora dudduge a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai. Sirdi in ya yi ƙasa, gwiwa ke fara ciwo a rana ta biyu. In ya yi sama, ƙugu ya riƙa karkata hagu da dama har cinya ta saɓule. Kowa ya gwada birkin gaba da na baya, ya buga iska daidai da lambar da ke gefen taya. Kowane keke yana ɗauke da tiyub guda na ajiya da kayan faci, sai famfo uku ga ayarin duka. A duba bakin famfon tun a shago, domin bawul iri biyu ne, siriri da mai kauri irin na mota. A ƙauyukan nan babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muka saba, kowa shi ne makanikin kansa.

Zagayen fadar Chambord muka fara da shi, kimanin kilomita 20 daga Blois ta cikin daji. Sarki François na Ɗaya ya fara gina fadar a 1519, katangar da ta kewaye dajinta ta kai kilomita 32, a tsakiyar ginin kuma akwai matakala biyu da suka murɗe juna, mai hawa da mai sauka suna hango juna ba sa haɗuwa. A wannan shimfiɗaɗɗiyar hanya muka gwada tsarin tafiyarmu. Madugu a gaba, ba mai wuce shi. Mutum ɗaya mai ƙarfin ƙafa a can baya da famfo da kayan gyara. A kowace mararraba wanda ke bin madugu ya tsaya yana nuna hanya har na ƙarshe ya wuce. Dokar Faransa ba ta yarda a jeru fiye da biyu ba, kuma in mota ta nemi wucewa sai a koma layi ɗaya.

Amboise muka kwana a rana ta biyu, inda shahararren mai zanen Italiya Leonardo da Vinci ya rasu a gidan Clos Lucé a 1519. Washegari muka ratse kudu kimanin kilomita 15 zuwa Chenonceau, fadar da aka gina a kan ruwan Kogin Cher, sannan muka bi kogin zuwa Tours, gonakin inabin Montlouis suna hannun dama.

Wanda aka ce wa hanyar Loire shimfiɗa ce an faɗa masa rabin gaskiya. Bakin kogi shimfiɗa ne, amma inabi a kan tudu ake dasa shi, don haka duk inda hanya ta shiga gona akwai hawa, gajere amma mai tsauri. Lokacin girbi kuma taraktoci na kai da kawo, suna barin laka da matsattsen inabi a kwana, wuri ya yi santsi. A rage gudu kafin kwanar, kada a damƙi birkin gaba a cikinta. Kuma kada hannu ya kai ga inabin bakin hanya, duk da ya rataya dab da kafaɗa, dukiyar wani ce.

Ƙarƙashin gonakin akwai koguna da aka sassaƙa cikin farin dutse mai laushi da suke kira tuffeau, wanda da shi aka gina fadodin. Yanzu a ciki ake ajiye giyar inabi, sanyin wurin bai cika wuce digiri 12 ba, don haka mai gumi ya shiga da rigar sanyi. Mu da ba ma sha mun sanar da mai shirya tafiyar tun kafin a tashi, aka tanadar mana jus de raisin, wato ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba. Ga masu sha kuwa, iyakar barasar da doka ta sa wa direba a Faransa ta hau kan mai keke, shi ya sa ziyarar kogo ta fi dacewa da ƙarshen yini, kusa da masauki.

Abinci na buƙatar lura. Rillettes da rillons na Tours naman alade ne, haka lardons da ake barbaɗawa a salak. Cukun akuya na Sainte-Maure, dogo mai kara a tsakiyarsa, da burodi da tumatir sun riƙe mu da rana. Gidajen abinci a ƙauye daga sha biyu zuwa biyu suke ba da abincin rana, shaguna da yawa kuma a rufe suke Lahadi da yamma da Litinin, saboda haka guzuri da safe ake saye. Ruwa gora biyu kowa. In ya ƙare, maƙabartun ƙauye galibi suna da famfo kusa da ƙofa, sai dai a kauce wa wanda aka rubuta wa eau non potable, wato ruwan da ba na sha ba. Darduma mai naɗewa tana shiga jakar kariya, inuwar bakin kogi kuma ba ta ƙarewa.

Rana ta huɗu ce mai wuya, Tours zuwa Chinon ta Villandry, kusan kilomita 60. Ana son bin kogi zuwa yamma da tunanin gangara ce, alhali gangarar ba ta taka kara ta karya ba, iska kuwa galibi daga yamma take tasowa. A kan doron shingen ambaliya wajen Bréhémont babu abin da ke tare ta, gudunmu ya sauko daga kilomita 18 a awa zuwa 12. A nan ayari ke tsinkewa: keke mai caji yana tura mahayinsa har kilomita 25 a awa, ya bar sauran a baya. Muka mayar da masu caji gaba su tare iska da gudun mafi rauni a cikinmu, kowa ya bar tsawon keke ɗaya tsakaninsa da na gabansa, domin tayar gaba in ta goga ta bayan wani, na baya ne ke faɗuwa. Faci biyu muka yi a kan taya ɗaya cikin rabin awa, saboda an sa sabon tiyub ba a shafa cikin tayar da yatsa an ciro ƙayar ba.

Daga Chinon, inda jarumar Faransa Jeanne d'Arc ta gana da Charles na Bakwai na Faransa a 1429, muka bi Kogin Vienne zuwa Candes-Saint-Martin inda yake zuba cikin Loire. Ratsen tsohon gidan ibada na Fontevraud daga ƙauyen Montsoreau hawa ne na kusan kilomita 4, kuma ya cancanci gumin: can kaburburan Henry na Biyu na Ingila da matarsa Eleanor da ɗansu Richard suke. A Souzay-Champigny hanyar keken ta shige cikin dutsen kansa, ta ratsa tsoffin gidajen da aka sassaƙa a jikinsa, muka kunna fitila muka bi a hankali ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar muka hango fadar Saumur a kan tudu, muka miƙa kekunan, aka ƙirga makullai da famfo uku.