Takardar musayar aiki

Wata shida na yi ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Hamburg kafin na buɗe baki a kan dokar musayar ranar aiki. In kina so ki yi musaya da wata, sai kin cike takarda, shugabar sashe ta sa hannu, a tura ofis ta na'urar faks, kuma ana saura mako biyu. Faks fa, a wannan zamani! Zazzaɓin yaro kuwa ba ya ba da sanarwa. Don haka mutane suka koyi dabara: ranar da abu ya taso, sai a buga waya a ce ba lafiya.

Kowa ya san haka, kowa na mita a ɗakin hutu. Ni ma na iya mitar da Jamusanci tun kafin in iya rubuta rahoto da shi.

Wata dattijuwa 'yar Gana, mai jin Hausa, ita ta tsayar da ni wata rana. Ta ce, "Ƙanwata, kin taɓa tambayar abin da ya sa aka kafa dokar?" Na ce, "Yaya, baƙuwa kamata, wa zai saurare ni?" Ta ce ruwa ba ya tsami banza, in je in tambaya tukuna.

Ashe da dalili. Dokar lokutan aiki ta Jamus ta ce a bar wa ma'aikaci awa 11 tsakanin tashi da komawa, ko da yake a wuraren jinya ana iya ragewa zuwa 10 bisa sharaɗi. A can baya mutane kan yi musaya tsakaninsu, mai tashi da dare ta dawo da asuba, laifin ya hau kan gidan. Takardar da faks ɗin shinge ne aka yi, sai shingen ya tsufa, aka manta abin da yake tarewa.

Dattijuwar nan ce kuma ta nuna min majalisar ma'aikata, wadda suke kira Betriebsrat. Kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata biyar ko fiye yana da ikon kafa ta, ana zaɓe duk shekara huɗu, kuma tun gyaran dokar 1972 baƙo ma yana iya tsayawa takara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a batun tsarin lokutan aiki, mai gida ba ya yanke hukunci shi kaɗai, sai da yardarta.

Na yi wata guda ina rubuta duk musayar da aka nema aka rasa, ban sa sunan kowa ba. Sannan mu uku muka rubuta shawara a shafi ɗaya: a yarda da musaya cikin kwana biyu, muddin masu musayar matakin aikinsu ɗaya ne kuma awannin hutu sun cika. Muka nemi a gwada a hawa ɗaya, na wata uku kawai. Sau huɗu aka gyara min Jamusancin shafin nan.

Ba su karɓa duka ba. Kwana biyun ya koma uku, kuma shugabar sashe ta yi mako guda gaisuwarmu sama-sama. Amma an gwada, daga baya sauran hawa suka ɗauka. Takardar neman hutun shekara kam har yanzu ta faks ake tura ta, na kuma buɗe mata sabon shafi a littafina.