Askirim ɗin gida, da ƙananan shagunan da ke haɗa nasu

Duk wadda ta taɓa dama madara da sukari ta zuba a roba ta jefa firiza da sunan za ta yi askirim ta san abin da ke fitowa, dutse ne kawai mai zaƙi, sai an sa cokali ana kankara yara na tsaye suna jira. Ba wai hannunki ne ba shi da kyau ba, ruwa ne ya yi yawa a haɗin. Madara kusan duk ruwa ce, in ta daskare a hankali ba a motsa ta sai ruwan ya zama manyan ƙwayoyin ƙanƙara, su ne kike ji suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Aikin mai askirim gaba ɗaya shi ne ya hana ƙwayoyin nan girma, kuma da abu uku ake yi: maiƙo, sukari, da iska. Sukari na hana haɗin daskarewa da wuri shi ya sa in kika rage shi sosai wai don lafiya sai abin ya ƙara tauri, maiƙo na sa santsi, iska kuma ita ke sa laushi.

Hanya mafi sauƙi da na sani wadda ba ta buƙatar inji ita ce ta madarar kwandens. Ki samu kirim na bugawa kofi biyu, mai sanyi sosai, in na gari ne irin na masu kek da ake samu a kasuwar Singa sai ki dama shi da madara mai sanyi, ki buga har ya tashi ya tsaya, sai ki zuba kwandens gwangwani ɗaya ki juya a hankali da cokali, kar ki koma bugawa don iskar da kika tara za ta gudu. Awa shida zuwa takwas a firiza ya isa. Shi kenan tushen, sauran duk ɗanɗano ne.

A ɗanɗanon ne nake da magana. Kowa banila, kowa cakuleti, kowa sitiroberi mai kalar hoda wanda bai taɓa haɗuwa da sitiroberi ba, alhali muna zaune kan 'ya'yan kuka. Wallahi ban ga abin da ya kai garin kwalba dacewa da askirim ba. Ki jiƙa kofi ɗaya a ruwan ɗumi kaɗan, ki murje ki tace da rariya mai laushi saboda zaren nan da tsakin ƙwallo, ya zama da kauri kamar koko, sai ki haɗa da kwandens ɗin kafin ki sa kirim. Tsaminsa na kama madara ya sa ta yi kauri nan take, irin yadda kwalba da nono ke yi, kuma yana yanke zaƙin kwandens wanda shi kaɗai yana hawa kai. 'Yan Senegal sun daɗe suna daskarar da nasu a leda suna sayarwa, a Sudan ma abin sha ne na buɗa baki da azumi, mu ne dai muka bar shi a matsayin abin yara.

Mangwaro kuwa ba ya son wahala. Lokacinsa in ya yi arha a 'Yan Lemo, wajen Afrilu da Mayu daidai lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ki yanka nunanne marar zare ki baza a faranti ya daskare, sai ki niƙa a bilenda da yogot cokali uku huɗu, a sha nan take. Ayaba ma haka.

Aya ce mai gardama. Kunun aya da dabino da kwakwa in kika daskarar da shi haka nan ƙanƙara za ki samu, don haka ki ɗora shi a wuta kaɗan, ki dama garin kwanfulawa, wato sitacin masara, cokali biyu a duk lita ɗaya ki zuba ya ɗan yi kauri, ya huce sannan ya shiga firiza, kuma ki riƙa fito da shi duk bayan minti 40 kina bugawa sau uku ko huɗu. Ba ƙirƙirata ba ce, mutanen Sisili a kudancin Italiya da sitaci suke kaurara nasu maimakon ƙwai. Sai dai ki hanzarta, aya ba ta jira, da zafin nan kafin ki ankara ta yi tsami.

To in an ɗauke wuta fa, wanda shi ne zancen gaskiya? Ki sayi ƙanƙara ki farfasa, ki zuba mata gishiri mai yawa a bokiti, ki ɗaure haɗinki a leda biyu ki tura tsakiya ki yi ta girgizawa kamar minti 15. Gishiri na sa ƙanƙara ta narke amma sanyin ruwan ya sauka ƙasa da sifili sosai, yana iya kaiwa wajen digiri 21 ƙasa da sifili. Da wannan dabarar ake yi kafin zuwan firiza, injin hannu da wata Ba'amurkiya Nancy Johnson ta yi wa rajista a 1843 ma bokiti ne da gishiri da ƙanƙara da abin juyawa. Yara na son wannan aikin, ki ba su su girgiza.

Yanzu zancen shaguna. Ni dai in na shiga gari, Kano ne ko Kaduna ko Abuja, na fi neman ɗan shagon da ke haɗa nasa a bayan kanta a kan manyan nan masu rassa ko'ina. Ba raini ba ne, dukkanmu da Fan Ice na mai keke muka tashi kuma har gobe in na ji hon ɗin nan sai na waiga. Amma ƙaramin shago shi ne wanda za ki tambaya me aka sa a ciki a ba ki amsa, shi ne kuma zai iya gwada zobo ko tsamiya ko fura ba sai ya jira izini daga Legas ba. Ina duba kala tukuna: na ayaba na gaskiya fari ne mai ɗan duhu ba rawaya ba, na fistashiyo, wasu 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa, kore ne marar haske, in kika ga kore shar kamar fenti to kala ce. Sai nauyi, don wasu kamfanoni kusan rabin robar iska ce, ki ɗaga ki ji. Sai kuma in ɗanɗana in ji ko akwai ƙaras-ƙaras, alamar ya narke an sake daskarar da shi ke nan, kuma a nan ba daɗi kaɗai ake magana ba, madarar da ta kwana ba sanyi tana iya ɓata ciki. Ba kunya nake tambaya ko suna da sola ko janareto na kwana.

Shagon da nake burin gani da idona shi ne Bakdash a kasuwar Hamidiyya ta birnin Dimashƙa, wanda ke nan tun ƙarshen ƙarni na 19. Su ba bugawa suke ba, daka askirim ɗin suke da manyan taɓare na katako kamar masu dakan fura, suna sa masa wani ƙaro mai ƙamshi da garin saiwar wani fure, sai ya riƙa yauƙi yana miƙewa, a naɗe shi a barbaɗe da fistashiyo. Turkawan Marash ma irinsa suke yi, nasu har da wuƙa ake yankawa. Mu da muke da ƙaro a Yobe da Borno da Jigawa har ana fitar da shi waje, ko da yake namu ba irin nasu ba ne, ina ganin akwai abin gwadawa a nan, rabin ƙaramin cokali na dakakken ƙaro a jiƙa a lita ɗaya ta madara. Shi zan sa a haɗin kwalba na gaba, in kuma wata ta riga ni gwadawa don Allah ta faɗa mana yadda ya fito.