Ranar haihuwata, da roƙon da na yi a Facebook

Talata, da dare.

Wayata ba ta huta ba tun asuba. Yau ce ranar haihuwata, kuma bana na ce duk mai niyyar yi min kyauta ya tura kuɗin ga asibitin yara na St. Jude da ke Memphis, a jihar Tennessee ta Amurka. Facebook ya fito da wannan tsari na buɗe gidauniyar ranar haihuwa a 2017, kuma cikin shekarar farko masu bikin ranar haihuwa suka tara wa ƙungiyoyin agaji sama da dala miliyan 300. Buɗe gidauniyar ba wuya: ka zaɓi ƙungiya, ka faɗi adadin da kake buri, ka rubuta dalilinka. A wurin rubuta dalilin ne na maƙale. Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Roƙo a bainar jama'a yana da nauyi ko da ba don cikinka kake yi ba, sai na ji kamar na miƙa wa abokaina ƙoƙon bara a ranar da suka zo taya ni murna.

Zuwa azahar gaisuwa ta yi yawa har na kasa amsawa, amma ɗan layin nan da ke nuna abin da aka tara ko motsi bai yi ba. Masu dogon rubutu, da addu'o'i da hotunan furanni, kusan duk sun tsallake maganar asibitin kamar ba su gani ba. Ban riƙe kowa a rai ba, ba na cikin aljihunsu. Wadda ta fara bayarwa wata ce da muka taɓa aiki tare, rabon da mu gaisa har na manta. Ko barka ba ta rubuta ba, sunanta kawai na gani. Da sunan ya bayyana, sai wasu suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ya ɗan tsaya min a rai. Na taso da sanin cewa sadakar ɓoye ta fi, ga shi kuma ganin sunan wani ne ke zaburar da na gaba. Akwai damar ɓoye suna, wasu sun yi amfani da ita, amma da kowa ya ɓoye, ina kyautata zaton layin da yana nan inda na bar shi.

Bayan la'asar Kawu ya kira.

"Ke 'yar nan, kuɗin nan hannun wa suke shiga?"

"Ba hannuna ba ne, Kawu. Ko ganinsu ba na yi, ƙungiyar asibitin ake tura wa."

"To madalla. Amma Amurka ce mai neman taimakonmu?"

Tambayarsa tana kan hanya, na kuma faɗa masa haka. Sannan na yi masa bayanin abin da ya ja ni. Danny Thomas, wani ɗan wasan kwaikwayo na Amurka, shi ne ya kafa asibitin a 1962, lokacin da yara 4 kacal cikin 100 ke tsira daga nau'in sankarar jinin da ya fi kama yara; yanzu a can ana maganar 94. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da cutar kansa duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar da St. Jude suka haɗa hannu da burin kai adadin masu warkewa a duniya aƙalla kashi 60 nan da 2030, a 2021 kuma asibitin ya yi alkawarin dala miliyan 200 don isar da magungunan kansar yara ga ƙasashen da ba sa samu. Kawu ya ce ya ji, amma bai gamsu duka ba.

Saƙon da ya fi taɓa ni na sirri ne, daga wata ƙawata da ta yi jinyar ɗanta. Ta ce kuɗin magani kowa na tunawa da shi, amma abin da ya durƙusar da su shi ne zirga-zirga, da wurin kwana kusa da asibiti, da aikin da ta ajiye don ta zauna da yaron. Ta kwana a kan kujera har bayanta ya ƙage, takalmanta ne matashin kai. Shi ya sa, in ji ta, da ta karanta cewa St. Jude ba ya cajin iyaye kuɗin magani, ko na tafiya, ko masauki, ko abinci, ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta.

Ba mu kai adadin da na sa ba tukuna, amma gidauniyar tana buɗe. Gobe zan bi masu bayarwa ɗaya ɗaya in yi godiya, ba a dunƙule ba. Kawu ya sake kira bayan isha'i, wai baɗi in yi wa asibitin yaran da ya fi kusa da mu. Na ce na yarda, da sharaɗin sunansa ne zai fara fitowa.