Abin da na koya wajen jinyar masu ciwon dajin kai da wuya

Aikin jinya a sashen gashi (ƙona ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi daga na'ura) ya nuna mini cewa zaɓen magani ga ciwon dajin kai da wuya ya fi na wasu sassan jiki wuyar sha'ani. Ta ɗan wannan wuri mutum yake numfashi, yake haɗiya, yake magana. Shi ya sa likita na ƙwarai ba ya tsayawa kan kashe ƙarin kawai, sai ya auna me zai rage wa majinyacin bayan an gama.

Idan an gano ciwon da wuri, tiyata kaɗai ko gashi kaɗai kan wadatar. Idan ya kai ga kaluluwar wuya, akan haɗa gashi da kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) irin su cisplatin, ko a yi tiyata sannan gashi ya biyo baya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1991 ya nuna cewa da kemo da gashi ana iya bar wa kusan kashi biyu cikin uku na masu ciwon maƙogwaro muryarsu, ba tare da sun fi waɗanda aka cire wa maƙogwaron mutuwa ba. Wanda ya taɓa ganin mutum yana rubuta buƙatarsa a takarda don ba ya iya furta ta, ya san darajar wannan sakamako. Tun 2016 kuma akwai magungunan pembrolizumab da nivolumab, masu zaburar da garkuwar jiki, ga wanda ciwon ya dawo masa ko ya bazu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fashin zuwa gashi. Yawanci zama 35 ne cikin mako 7, kwana 5 kowane mako. Wajen mako na uku baki ya fara gyambo, miyau ya kafe, ɗanɗano ya ɓace, ruwa ma da ƙyar yake wucewa. A nan ne majinyaci kan roƙi a bar shi ya huta. Tausayi yana kama ni ƙwarai, amma ƙwayoyin ciwon ba sa hutawa, suna ƙara hayayyafa a duk ranar da aka tsallake. Gara a ƙara maganin raɗaɗi, a sa bututun ciyarwa in ta kama, a ci gaba.

Haƙora kuma a duba su tun kafin zama na farko. Ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi ba ya warkewa da sauƙi, cire ruɓaɓɓen haƙori daga baya na iya barin ciwon da zai ɗauki watanni bai rufe ba.